Yadda ake tanadin ruwan gida da lissafi, a haɗa shi da abinci da makamashi

Ruwa da abinci da makamashi igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Idan wuta ta ɗauke, injin jan ruwa ya tsaya. Idan ruwa ya yi ƙaranci, shuka ta bushe. Idan ruwan ya gurɓace, sai an ƙona itace ko gas kafin a sha shi. Noma kaɗai yana shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa. Manyan birane ma sun ɗanɗana wannan: a watan Fabrairun 2018 hukumomin Kef Tawun a Afirka ta Kudu sun taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, a 2019 kuma madatsun ruwan birnin Chennai na Indiya suka ƙafe kusan ƙarƙaf. Abin da ya sami birni yana iya samun gida ɗaya cikin mako guda, shi ya sa aikin yake farawa da biro da takarda kafin a sayi ko da bututu ɗaya.

Mataki na farko: san yawan ruwan da gidanka ke sha

Yawancin mutane ba su san litar da suke kashewa a rana ba, kuma wanda bai san wannan adadin ba, duk tankin da ya saya zato ne kawai. Ka yi awo na kwana bakwai. Idan da mita a gidan, rubuta lambarta kullum da safe a lokaci guda. Idan da jarka ake kawo ruwan, ƙirga jarkokin, kowacce lita 20 ce ko 25. Ka raba abin da ya fito gida huɗu: sha da girki, wanka da tsarki, wanki da wanke-wanke, sai dabbobi da shuka.

Ga ma'aunin da za ka gwada kanka da shi. Masu aikin agajin gaggawa suna ɗaukar lita 7.5 zuwa 15 ga mutum ɗaya a rana a matsayin abin da ke riƙe rai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin lita 20 ita ce mafi ƙarancin da za ta ishi sha da girki da ɗan tsafta, lita 50 kuma ita ce ke ba da damar wanka da wanki ba tare da ƙunci ba. Babbar dabba tana buƙatar aƙalla lita 20 zuwa 30 a rana, ƙarama kuma wajen lita 5, saniyar da ake tatsa kuwa ta fi haka nesa.

Ɗauki gida mai mutum shida. A kwanakin wadata suna buƙatar lita 300 a rana, a kwanakin ƙunci lita 120. Yanzu ka tambayi kanka kwana nawa ruwa ya taɓa yankewa mafi tsawo. Idan bakwai ne, 120 sau 7 ya ba da lita 840. Ƙara kashi 20 cikin 100 saboda zubewa da baƙi da rashin lafiya, ka ga tankin lita 1,000 ke nan. Wannan ajiyar ba a taɓa ta sai ranar da ta zama dole, amma ana juya ruwan cikinta don kada ya daɗe.

Mataki na biyu: toshe ɓarna kafin neman sabon ruwa

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a rana, sama da lita 10,000 a shekara. Sau da yawa robar cikin kan famfon ce ta cinye, canza ta aikin minti goma ne. Don gano yoyon da ido ba ya gani, rufe duk famfuna na awa biyu ka duba mita, ko ka yi wa ruwan tanki alama da dare ka duba da asuba. Idan ya sauka, akwai bututun da ya fashe a ƙasa ko cikin bango. Bayan gida na zamani ma ɓarawo ne na ɓoye: ɗiga kalar abinci cikin tankinsa, ka jira minti 15 ba tare da an ja ba. Idan kalar ta bayyana a kwanon, robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace.

Mataki na uku: kada ka dogara da tushe ɗaya

Gidan da ruwansa ke fitowa daga hanya ɗaya tak, ranar da ta toshe shi ke nan. Ka nemi hanya biyu waɗanda ba abu ɗaya ke kashe su ba. Famfon hukuma da rijiyar burtsatse mai aiki da wutar layi duk ɗaukewar wuta tana tsayar da su tare, saboda haka a lissafin tsaro hanya ɗaya ce. Ruwan sama da aka tara a tanki shi ne abokin da ya fi dacewa da kowanne, domin ba ya buƙatar wuta.

Lissafin ruwan sama mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Auna tsawo da faɗin ginin daga ƙasa, wato filin da rufin ya rufe, ba gangarar kwanon ba. Ninka da yawan ruwan da ke sauka a shekara, sannan ka ninka da 0.8 saboda abin da ke fantsama da wanda ke bin iska. Rufin kwano mai murabba'in mita 80 a wurin da ake samun milimita 700 zai ba da lita 44,800 a shekara. A takarda wannan ya ishi mutum shida shekara guda a ma'aunin lita 20. A zahiri kuwa girman tanki ne ke yanke hukunci. Idan rani wata shida ne, sai an ajiye lita 21,600 kafin a ratsa shi, tankin da ba kowa ke iya ginawa ba. Amma idan aka keɓe ruwan saman don sha da girki kawai, lita 45 a rana, buƙatar ta koma lita 8,100, tankin lita 10,000 ya wadatar. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowacce amfani: ruwa mai kyau na baki ne, wanki da shara su nemi na ƙasa da shi.

Wajen kafawa, indararo ya gangara wajen santimita ɗaya a kowace mita zuwa bututun da ke sauka, a kuma ɗaure shi da ƙarfe a kowace rabin mita ko ɗan fiye. Idan bai gangara ba ruwa zai kwanta ciki, sauro ya yi ƙwai, nauyin kuma ya lanƙwasa shi. A bakin bututun a sa raga mai tare ganye. Rufin da aka shafa wa fenti mai dalma ko kwalta, ruwansa ba na sha ba ne.

Ruwan farko da ya wanke rufi yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsaye da na ƙadangare, dole a karkatar da shi. Ka ware rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowane murabba'in mita, wato lita 40 zuwa 80 ga rufin da muka ambata, a ƙara idan akwai bishiya a kai ko an daɗe ba a yi ruwa ba. Ana yin haka da mahaɗin bututu mai baki uku: ɗaya daga rufi, ɗaya zuwa tanki, ɗaya ya sauka ƙasa cikin rufaffen bututu ko ƙaramin durom. Ruwan farko yana faɗawa ƙasa, sai wurin ya cika sannan na baya ya wuce tanki. Ƙwallon roba da ke tasowa ta toshe bakin tana hana dattin komawa. Bututu mai faɗin inci huɗu yana ɗaukar wajen lita 8 a kowace mita, don haka ga babban rufi durom ya fi sauƙi. Abin da ke kashe wannan tsari shi ne mantuwa: idan ba a zubar da abin da ya taru ba bayan kowane ruwa, na gaba zai tarar da wurin a cike ya wuce tanki da dattinsa. A sa ƙaramin famfo a gindinsa, ko a huda ƙaramin rami da zai riƙa tsiyaya da kansa, a kuma riƙa duba shi don laka tana toshe shi.

Idan rijiya ce, a tabbata tana nesa da masai da ramin shara da garken dabbobi da aƙalla mita 30, kuma ta fi su tudu. Gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina. A ɗaga bakin rijiyar, a zuba daɓen siminti kewaye da ita mai gangara waje, a yi murfi, a keɓe guga ɗaya da igiyarta da ba sa taɓa ƙasa.

Mataki na huɗu: tanki da wurin zamansa

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankin lita 5,000 idan ya cika tan biyar ne, saboda haka gindinsa ya zauna gaba ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen daɓe, ba a kan bulo huɗu ko katako biyu ba. Tankin roba da wani sashen gindinsa ke rataye yana tsagewa daga nan. Ƙarfen da za a ɗora shi a sama kuma a bar wa wanda ya san lissafin nauyi, domin faɗowar tanki tana kisa.

Tankin ya zama mai duhu wanda haske ba ya ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta fito. Murfi ya rufe ruf, duk wata kafa kuma, har da bututun da ke fitar da rarar ruwa, a sa mata raga mai ƙananan ido. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma, buɗaɗɗen tanki kuwa gidan haihuwarsa ne. Bututun rarar ya kai faɗin na shiga, ya kuma kai ruwan nesa da tushen gini. Famfon ɗiba ya ɗaga wajen santimita 10 daga gindi don laka ta kwanta a ƙasansa, a yi wata kafa ta daban a can ƙasa don wanke ta.

Sau ɗaya a shekara, lokacin da ruwan ya yi ƙasa, a zubar da sauran, a goge bango da buroshi mai doguwar sanda, a ɗauraye. Don kashe ƙwayoyin cuta, a zuba ruwa zuwa kwata, a sa giram 80 na garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, a cika, a bar shi awa 24, sannan a zubar a ɗauraye. Wannan ruwan ba a sha, ba a ba shuka, ba a kuma sake shi cikin tafkin kifi. Kada mutum ya shiga babban tanki shi kaɗai, iska tana ƙaranci a ciki, tururin kulorin kuma yana sumar da mutum. Jarka ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, duk wankin da aka yi masa bai dace da ruwan sha ba.

Mataki na biyar: tsabtace ruwan sha

Tsarin uku ne a jere: a kwantar, a tace, a kashe ƙwayoyin cuta. Mai tsallake na farko yakan yi asarar na ƙarshe, domin laka tana shanye kulorin, tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta daga hasken rana.

Ruwa mai laka a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama a hankali. Alif yana gaggauta kwanciyar, haka ma garin ƙwallon zogale, wajen ƙwallo ɗaya ga lita ɗaya: a dama da sauri minti ɗaya, a juya a hankali minti biyar, a bari awa ɗaya ko biyu. Ruwan zai yi garau, amma garau ba lafiya ba ne, ƙwayoyin cuta suna nan.

Matacin rairayi na gida, wanda Dakta David Manz na Jami'ar Kalgari a Kanada ya inganta a shekarun 1990, yana aiki ne da wani siririn rufi mai rai da ke tsirowa a saman rairayin yana cinye ƙwayoyin cuta. Rufin yana ɗaukar har kwana 30 kafin ya nuna. Dole ruwa mai zurfin santimita 5 ya riƙa zama a kan rairayin kullum, in ya bushe rufin ya mutu, a koma farko. Gudun ruwan kada ya wuce lita 0.4 a minti. Ba a zuba masa ruwa mai kulorin, kulorin yana zuwa ne bayan tacewa.

Ga kulorin, hanyar da ta fi tabbas ita ce gwajin bokiti huɗu. Da farko a haɗa ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 1: giram 15 na garin a lita ɗaya ta ruwa, cikin roba mai duhu, ban da ƙarfe. Idan bilic na ruwa ne mai kashi 5, marar turare da sabulu, awo ɗaya nasa da awo huɗu na ruwa. Cika bokiti huɗu da lita 20 kowanne. Da sirinji ka sa mililita 1 a na farko, 1.5 a na biyu, 2 a na uku, 2.5 a na huɗu. Dama, jira minti 30, ka auna ragowar kulorin da takarda ko ƙwayar gwaji irin ta wurin ninƙaya. Bokitin da ya nuna miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita shi ne ma'auninka, gara ka kusanci 0.5 idan ruwan zai kwana. Idan na mililita 2 ne ya dace, tankin lita 1,000 zai ci mililita 100. A maimaita gwajin duk lokacin da tushen ruwan ko kalarsa ta canza. Haɗin kashi 1 yana rage ƙarfi da zafi da haske, a yi kaɗan kaɗan a riƙa sabuntawa duk mako. Kada a taɓa haɗa bilic da asid na wanke bayan gida, iskar da ke tashi guba ce. Ƙwayoyin kulorin na kanti kuwa a bi abin da ke rubuce a jikin fakiti, domin girmansu ya bambanta.

Tafasawa tana kashe har ƙwayoyin da kulorin ke gazawa a kansu, irin su kiriftosforidiyam mai kawo zawo. Minti ɗaya ruwan yana tafarfasa ya isa, minti uku a wurare masu tsayin sama da mita 2,000. Sai dai tana da tsada a makamashi: ɗaga lita 20 daga zafin digiri 25 zuwa 100 yana cin wajen kilowat-awa 1.75, ban da zafin da ke tserewa, wanda a buɗaɗɗiyar wuta shi ne kaso mafi yawa. Don haka a tafasa na jarirai da marasa lafiya da na lokacin annoba, sauran a bar wa kulorin ko rana. Hanyar rana kyauta ce: gorar roba marar kala wadda ba ta wuce lita 2 ba, a cika da ruwa garau, a kwantar a kan kwano awa shida cikin rana mai ƙarfi, kwana biyu idan hadari ya rufe sama. Gorar da ta dushe ko ta karce a canza ta.

Duk waɗannan ba sa cire gubar da ta narke a ruwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 50 a lita ga naitiret, 1.5 ga fuloraid, da maikirogiram 10 ga arsenik. Naitiret yana shigowa daga taki da masai, yana da haɗari ga jarirai, tafasawa kuma ƙara masa ƙarfi take yi. A Bangaladash miliyoyin mutane sun sha ruwan rijiyoyin burtsatse garau ba wari, sai a shekarun 1990 aka gano arsenik a ciki. Sabuwar rijiya a kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a fara sha, a kuma sake gwajin ƙwayoyin cuta bayan kowace ambaliya.

Ruwan da aka tsabtace yakan sake gurɓacewa a cikin gida, ta hannu da moɗa. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi da famfo a gindi ya fi buɗaɗɗe wanda kowa ke tsoma kofi a ciki.

Mataki na shida: makamashin jan ruwa

Tanki a sama ya fi batir araha da daɗewa. A ja ruwa lokacin da rana take ko wuta ta zo, a bar nauyinsa ya sauko da shi da dare. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin da ya kai kusan ɗaya a ma'aunin matsi da ake kira "bar", mita 5 zuwa 6 kuma ta ishi famfunan gida marar bene.

Ga yadda ake auna girman inji. Tara abu uku: zurfin ruwa lokacin da injin ke aiki, tsayin tanki daga ƙasa, da ƙarin wajen kashi 10 saboda gogayyar bututu. Misali mita 30 da 6 da 4, jimla 40. Ninka yawan ruwa a ma'aunin lita dubu da wannan tsayin, sannan da 2.725. Lita 2,000 a rana: 2 sau 40 sau 2.725 ya ba da wat-awa 218. Ƙaramin inji yakan mayar da wajen kashi 40 ne kawai na wutar da ya sha zuwa aiki, don haka buƙatar ta zama wat-awa 545. Raba da awa biyar na rana mai ƙarfi, ka ƙara kashi 30 zuwa 40 saboda ƙura da zafi da asarar waya, za ka tsaya a wajen wat 150. Farantin sola mai wat 200 ke nan a ƙalla, muddin ƙarfin wutarsa ya dace da abin da injin ke nema.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen inji mafi ƙarfin rijiyar. Yana zuƙe ruwan cikin 'yan mintoci, ya ja iska da yashi, ya ƙone, domin ruwan da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi. Ka nemi mai haƙa ya yi gwajin ja na awoyi, ya rubuta maka matakin ruwa kafin ja, inda ya tsaya lokacin ja, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Zaɓi injin da ba ya jan fiye da kashi biyu cikin uku na abin da rijiyar ke bayarwa. A misalinmu ana son lita 400 a awa, rijiyar ta iya ba da 600. A sa na'urar da ke kashe inji idan ruwa ya yi ƙasa, da makunni mai shawagi a tanki da ke kashe shi idan ya cika, da bawul mai hana ruwa komawa baya. Bututun da ya yi siriri yana cin wuta a banza, ƙara masa faɗi kaɗan ya fi ƙara faranti sauƙi. A wanke farantan da sassafe kafin su yi zafi, inuwar reshe ɗaya ma tana rage ƙarfin jeri guda. Janareta kuma ba a kunna shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci.

Ka riƙa auna zurfin ruwan rijiya sau ɗaya a wata da igiya mai nauyi a baki, ka rubuta. Idan awon kowane wata ya fi na irin watan a bara nisa, shekara bayan shekara, ana ɗiba fiye da yadda ƙasa ke mayarwa, kuma wannan magana ce ta zama da maƙwabta, domin tafki ɗaya ne a ƙarƙashinku duka.

Mataki na bakwai: shuka da rumbu da murhu

A lokacin zafi kayan lambu suna shan milimita 4 zuwa 7 a rana. Fili mai murabba'in mita 20 a kan milimita 5 lita 100 ke nan kullum, kusan abin da mutum biyar ke buƙata a kwanakin ƙunci. Saboda haka girman lambu ya bi ruwan da ya rage bayan na mutane da dabbobi. Ban ruwa ta kwari yana kai wajen kashi 60 ne ga saiwa, na feshi wajen 75, na ɗigo kusan 90. Bokiti da aka rataye a tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa ya tura ruwa cikin gajeren layin ɗigo, amma sai da mataci a bakinsa, kuma a buɗe ƙarshen layin duk mako a wanke, in ba haka ba ramukan su toshe. Tulun ƙasa marar fenti da aka binne har wuya a tsakiyar shuke-shuke yana yin irin wannan aikin. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, a ba da ruwa da sassafe ko yamma, a ba da sosai jefi-jefi don saiwa ta nutsa. Kafin ka ƙara, tura yatsa cikin ƙasa, idan da danshi a gaɓa ta biyu, bari sai gobe.

Ruwan wanka da na ɗauraya yana raya bishiyoyi. A zuba shi ƙarƙashin ciyawar da ke gindinsu a ranar, domin in ya wuce awa 24 yana ruɓewa. Ban da ganyen da ake ci ɗanye, ban da ruwan wankin kayan kashin jarirai. Garin sabulu yana da gishiri mai taruwa ya ƙanƙame ƙasa, don haka a riƙa sauya wuri ana bi da ruwa mai kyau lokaci lokaci.

Hatsin da ya lalace a ajiya ya tafi da ruwan da aka noma shi. Kilo ɗaya na hatsi yana cin wajen lita 1,600 a matsakaicin lissafin duniya, na naman shanu sama da lita 15,000, kuma a 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa yana salwanta. Hatsi ya bushe zuwa danshin kashi 13 ko ƙasa kafin a adana. Gwajinsa: zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, rufe, girgiza, bar shi minti 15. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Buhu mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska yana shaƙe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an matse iskar an ɗaure kowace leda daban, ba a kuma yawan buɗewa. A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Hatsin da ya yi fumfuna yana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, dabbobi ma ba a ba su.

A murhu, murfi a kan tukunya da rage wuta da zarar an tafasa suna rage makamashi sosai, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Jiƙa busassun ƙwayoyi irin wake tun dare yana gajarta dafuwa. Abin da ke son doguwar dafuwa a tafasa shi minti 10 zuwa 15, a sauke da murfinsa, a nannaɗe cikin bargo ko kwando mai cike da tsumma, ya ƙarasa nuna da zafin kansa cikin awa biyu zuwa huɗu. Ruwan da aka wanke hatsi da ganye da shi a tara a bokiti ɗaya kusa da wurin girki, a kai wa shuka kafin rana ta faɗi.